“Bincike ya nuna”: Yadda masana lafiya ke bambance sakamako na gaskiya da na arashi

Da zarar damina ta kankama a jihar Donga, sai asibitocin Djougou da ƙananan ɗakunan shan magani na gundumomi irin su Kolokondé su cika da iyaye mata ɗauke da yara masu zafin jiki. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba wajen kai mutane asibiti a Jamhuriyar Benin, shi ya sa gwamnati ke raba gidan sauro kyauta lokaci bayan lokaci. Sai dai gidajen sauron iri-iri ne. Maganin da aka jiƙa su da shi ba ɗaya ba ne, farashinsu ma haka. To, wanne za a saya wa miliyoyin mutane?

A farkon shekarar 2023 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a nan Benin, a yankunan Covè, Zagnanado da Ouinhi na jihar Zou. Cibiyar binciken ƙwari ta Kwatano, wato CREC, ita ta gudanar da shi tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, kuma sunan Manfred Accrombessi ne a farkon jerin marubutan. An raba gidan sauro iri uku, aka yi shekara biyu ana bibiyar yara 'yan wata 6 zuwa shekara 10.

A inda aka raba tsohon samfuri mai magani ɗaya, wanda sauro ya riga ya daina jin sa sosai, matsakaicin kamuwar kowane yaro ya kai sau 1.03 a shekara. A inda aka raba Royal Guard, mai ƙarin sinadarin da ke hana sauro hayayyafa, adadin ya tsaya a 0.84. A inda aka raba Interceptor G2, mai ƙarin magani na biyu da ke kashe sauro ta wata hanya dabam, ya sauko zuwa 0.56.

Duk wanda ya dubi alƙaluman nan uku zai ce sababbin biyu duka sun fi tsohon. Masu binciken kuwa sun ce Interceptor G2 kaɗai suka samu hujjar fifikonsa. Me ya hana su yarda da 0.84, alhali ya yi ƙasa da 1.03? Amsar tana cikin wani lissafi da ake kira gwajin hasashe, kuma duk mai sauraron rediyo da ke jin “bincike ya nuna” yana da buƙatar sanin yadda yake aiki.

Matsakaici da abin da yake ɓoyewa

Matsakaici, wanda rahotannin Faransanci ke kira moyenne, lissafi ne da kowane ɗan kasuwa ya sani. A haɗa adadin kowa da kowa, a raba da yawan mutanen. Amfaninsa shi ne yana taƙaita mutum dubu a adadi ɗaya. Illarsa kuma ita ce yana rufe bambancin da ke tsakanin mutanen.

A ce dillali a kasuwar shanu ta Kolokondé ya gaya maka garke biyu matsakaicin nauyinsu ɗaya ne. Kana iya zuwa ka tarar garke na farko duk shanun kusan kansu ɗaya, na biyu kuwa rabi bijimai ne, rabi maruƙa. Matsakaicin bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi komai game da wannan ba. Saboda haka masana ba sa kawo matsakaici shi kaɗai, sai sun haɗa da ma'aunin warwatsuwa, wato écart-type. Shi ne ke nuna yadda mutanen rukuni suka yi nisa ko kusa da matsakaicinsu. Idan ƙarami ne, mutanen sun yi kama da juna. Idan babba ne, akwai na can sama da na can ƙasa.

A harkar lafiya warwatsuwa tana da yawa ƙwarai. Yara biyu 'yan gida ɗaya, masu cin tuwo ɗaya, ana iya auna jininsu a samu bambanci. Wannan warwatsuwar ita ce tushen duk wahalar da ke gaba.

Huhun goro da samfuri

Tun zamanin da ayarin fatake ke bi ta Parakou da Djougou zuwa Gwanja, mai sayen goro ba ya ƙirga kowane ƙwara. Yakan buɗe huhu, ya ɗebi kaɗan, ya duba, ya yanke hukunci a kan sauran. Mai bincike ma haka yake yi. Ba zai iya auna jinin kowane yaro a Donga ba, sai ya ɗebi wasu. Waɗanda ya ɗiba su ne samfuri.

Gogaggen mai saye ya san abu guda. In ya sa hannu sau biyu a huhu ɗaya, ɗiban farko da na biyu ba za su zo daidai wa daida ba. Wani ɗiban zai faɗo kan manya, wani kan ƙanana, alhali huhun ɗaya ne. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, amma a fagen ƙididdiga alƙaluma sukan bambanta ba tare da wani dalili ba face arashin waɗanda hannu ya faɗa wa.

Saboda haka idan aka auna yara 50 a wannan ƙauye da 50 a wancan, tilas ne matsakaitan biyu su ɗan saɓa, ko da ƙauyukan ba su da wani bambanci ko kaɗan. Samun rata ba labari ba ne. Tambayar ita ce ko ratar ta wuce irin wadda arashi kan haifar.

Mai ƙara shi ke kawo shaidu

Don amsa wannan tambaya, masana sun ɗauki hanya irin ta alƙali. A gaban shari'a, wanda ake ƙara ba shi da laifi har sai mai ƙara ya kawo shaidu. Haka mai bincike yake farawa da ɗaukar cewa babu wani bambanci tsakanin rukunonin biyu, sabon magani da tsoho duk ɗaya ne. Wannan shi ake kira hasashen rashin bambanci, ko hypothèse nulle. Daga nan sai ya tambayi kansa: in da gaske babu bambanci, yaya aka yi na samu wannan ratar? Abu ne da arashi kan kawo kullum, ko kuwa da wuya ya kawo shi?

In ratar ta yi girman da da wuya arashi ya haifar da ita, sai ya yi watsi da hasashen, ya ce akwai bambanci. In ba ta kai ba, sai ya ce shaidu ba su isa ba.

Alƙali yana iya kuskure ta fuska biyu, ko ya ɗaure marar laifi, ko ya saki mai laifi. Mai bincike ma haka. Yana iya yabon maganin da ba ya komai, a kashe kuɗin jama'a a banza. Yana kuma iya watsi da maganin da ke aiki, yara su ci gaba da wahala. Duk ƙa'idojin da ke tafe an shimfiɗa su ne don rage waɗannan kurakurai biyu.

Yadda ake lissafin, mataki-mataki

Mu ɗauki ƙarancin jini, wanda babbar matsala ce a ƙasar nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2017 zuwa 2018 ya gano kashi 72 cikin 100 na yaran Benin 'yan wata 6 zuwa 59 suna fama da shi. Ana gane shi ne ta hanyar auna sinadarin himogulobin a jini, kuma a wancan binciken yaron da awonsa ya gaza 11 ana lissafa shi cikin masu ƙarancin jini.

Ga misali da alƙaluman da muka tsara don saukin fahimta. A ce an ba yara 50 kunu mai ƙarin sinadarin ƙarfe na wata shida, wasu 50 kuma kunun da aka saba. A ƙarshe rukunin farko matsakaicinsu 10.8, na biyu 10.2. Ratar ita ce 0.6. A ce kuma ma'aunin warwatsuwa a kowane rukuni 1.5 ne.

Matakin farko shi ne gano girman ratar da arashi kan kawo a samfuri irin wannan. A ninka 1.5 da kansa, ya ba da 2.25. A raba da yawan yara, wato 50, ya ba da 0.045. A haɗa na rukuni biyu, ya zama 0.09. Sai a nemi adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da 0.09, shi ne 0.3. Wannan 0.3 shi ne mudun arashi a wannan binciken.

Mataki na biyu, a auna ratar da wannan mudun. A raba 0.6 da 0.3, ya ba da 2. Wato ratar da aka gani ta ninka abin da arashi ya saba kawowa sau biyu. Wannan adadi shi ake kira t. A samfuri mai ɗan yawa, idan t ya kai wajen 2 ko ya wuce, ana ɗaukar cewa ratar ta fara fin ƙarfin arashi.

Yanzu a sauya abu ɗaya. A ce yara 10 ne kawai a kowane rukuni, sauran alƙaluman suna nan yadda suke. Mudun arashi zai tashi zuwa 0.67, t kuma ya faɗo zuwa 0.9. Rata ɗaya ce, 0.6, amma wannan karon ba ta isa hujja ba. Abubuwa uku ke nan ke yanke hukunci: girman ratar, yawan warwatsuwa, da yawan mutanen da aka auna.

Wanda ya fito da wannan hanya sunansa William Gosset, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness a birnin Dublin na ƙasar Ayalan. Aikinsa ya haɗa da tantance ingancin sha'ir daga samfura 'yan kaɗan. Da ya wallafa dabararsa a mujallar Biometrika a 1908, kamfanin bai yarda ma'aikata su sa sunansu ba, sai ya sa hannu da Student, ma'ana ɗalibi. Shi ya sa har gobe ɗaliban likitanci na Jami'ar Parakou ke rubuta test t de Student a kundin kammala karatunsu.

Mene ne p, kuma daga ina 0.05 ya fito?

A rahotanni ba kasafai ake nuna t ba, abin da mai karatu zai gani shi ne ƙaramin harafin p. Ma'anarsa ita ce: da a ce babu wani bambanci na gaskiya, aka yi ta maimaita binciken, sau nawa arashi kaɗai zai kawo rata mai girman wannan ko fiye? A misalinmu na yara 50, p ya kusa 0.05, wato sau 5 cikin 100. A na yara 10, p ya kai 0.38, wato sau 38 cikin 100. Abin da ke faruwa sau 38 cikin 100 ba abin mamaki ba ne.

Masanin nan na Ingila, Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, shi ya yaɗa amfani da 0.05 a matsayin iyaka ta cikin littafinsa na 1925. In p ya gaza haka, sai a rubuta différence significative. A takardun Faransanci za a ga an rubuta 0,05 da waƙafi, abu ɗaya ne. Wannan iyaka al'ada ce da masana suka saba da ita don sauƙin aiki. Tsakanin 0.049 da 0.051 babu wani bango.

Akwai fahimta biyu da suka zama ruwan dare, kuma duka kuskure ne. Ta farko, ɗaukar cewa p na 0.03 yana nufin akwai tabbacin kashi 97 cikin 100 maganin yana aiki. Lissafin bai faɗi haka ba, abin da ya auna shi ne yadda alƙaluman suka saɓa wa hasashen rashin bambanci. Ta biyu, ɗaukar cewa significative na nufin bambancin babba ne. Koma kan misalin kunu. A ce an auna yara 5,000 a kowane rukuni, ratar kuma 0.1 ce kacal. Mudun arashi zai ragu zuwa 0.03, t ya haura 3, p ya sauko wajen 0.001. A lissafi bambancin tabbatacce ne, amma babu uwar da za ta ga sauyi a jikin ɗanta saboda 0.1. Yawaitar irin wannan ruɗani ce ta sa ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi a 2016, tana jan hankali cewa p ba ya auna girman tasiri ko muhimmancinsa.

Abin da ya fi p amfani ga mai karatu shi ne iyakokin amincewa, intervalle de confiance. Maimakon adadi ɗaya, ana ba da ƙasa da sama, inda ake kyautata zaton gaskiya tana tsakani. A misalin yara 50, iyakokin sun tashi daga dab da sifili zuwa 1.2. Wato kunun yana iya ƙara jini sosai, yana kuma iya zama amfaninsa bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya faru da gidan sauron Zou

Da wannan za a gane hukuncin masu binciken Zou. Lissafin da suka yi ya fi gwajin t zurfi, amma tunanin ɗaya ne. Ga Interceptor G2, sun samu ragin kamuwa na kashi 46 cikin 100, iyakokin kuma daga kashi 30 zuwa 58. Ko an ɗauki mafi ƙanƙanta, ragi ne mai tsoka, p kuma bai kai 0.0001 ba. Ga Royal Guard, lissafin ya ba da ragin kashi 14, amma iyakokin sun tashi daga ragin kashi 35 har zuwa ƙarin kashi 14. Tun da “babu bambanci” yana zaune a tsakiyar wannan fili, p ya tsaya a 0.28.

Wani zai ce ai yara da yawa aka bibiya, me ya sa iyakokin suka yi faɗi haka? Dalili shi ne ba yaro-yaro aka raba gidajen sauron ba. An kasa yankin gungu 60 na ƙauyuka, kowane irin gidan sauro ya samu 20 ta hanyar ƙuri'a. Yaran ƙauye ɗaya fadama ɗaya ke kusa da su, sauro ɗaya ke cizon su, saboda haka shaidarsu tana kama da juna. Shaidu goma da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya ba su kai shaidu goma da kowa ya gani da idonsa ba. Binciken da ya manta da wannan, ya ƙirga kowane yaro a matsayin shaida mai zaman kanta, zai fito da p ƙarami na bogi.

A lura kuma, masu binciken ba su ce Royal Guard ba ya aiki ba. Cewa suka yi gwajin bai tabbatar da fifikonsa ba. Alƙalin da ya sallami wanda ake ƙara don rashin shaidu bai rantse cewa bai aikata ba. A watan Maris na 2023, bayan duba wannan sakamako da na wani gwaji makamancinsa a Misungwi ta ƙasar Tanzaniya, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara mai ƙarfi a fifita irin Interceptor G2 a kan tsohon samfuri a wuraren da sauro ya daina jin magani. Irin Royal Guard kuwa shawara mai sharaɗi ta ba shi. Ƙarfin shawarar ya bi ƙarfin hujjar.

Kowace tambaya da gwajinta

Gwajin t na rukuni biyu ne da ba su da alaƙa da juna. Idan mutane ɗaya aka auna sau biyu, kamar hawan jini kafin shan magani da bayansa, akwai nau'insa na musamman da ke duba sauyin kowane mutum shi kaɗai. Idan warwatsuwar rukunonin ta bambanta sosai, akwai gyaran da Bernard Welch ya kawo a 1947.

Idan rukunonin sun wuce biyu, sai wata matsala ta taso. Ƙaramar hukumar Djougou tana da gundumomi 12. Mai son kwatanta kowace da kowace, Kolokondé da Bariénou, Kolokondé da Partago, har ƙarshe, sai ya yi gwaji 66. Da iyakar 0.05, ko da gundumomin duka ɗaya suke, ana sa ran wajen uku daga cikin gwaje-gwajen su fito da “bambanci” na arashi. Mai neman suna sai ya ɗauki ukun nan ya kai gidan rediyo, ya yi shiru da sauran 63. Maganin wannan shi ne dabarar Fisher da ake kira ANOVA, wadda ke fara tambaya ɗaya a kan rukunonin gaba ɗaya, kafin a shiga neman wanne ya bambanta da wanne da ƙa'ida mai tsauri.

Wani lokaci kuma matsakaicin kansa ne bai dace ba. A ce gidaje tara kowanne ya kashe sefa 5,000 a jinyar yaro, gida na goma da aka kwantar da ɗansa ya kashe 200,000. Matsakaici zai ba da 24,500, adadin da babu gida ko ɗaya da ya kashe. A irin wannan ana komawa ga adadin tsakiya, médiane, da gwaje-gwajen da ke jera mutane daga ƙarami zuwa babba, kamar na Mann da Whitney.

Abin da lissafi ba ya gyarawa

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manhajar kwamfuta irin su Epi Info, SPSS ko R za ta fitar da p cikin daƙiƙa, amma ba ta san yadda aka tara mutanen ba.

Daga 2017 an yi shekaru ana feshin maganin sauro a bangon ɗakuna a Djougou, Copargo da Ouaké, kuma masanan CREC sun kwatanta yankunan da aka fesa da waɗanda ba a fesa ba. Irin wannan kwatanci yana da amfani, sai dai yana buƙatar taka-tsantsan, domin yankuna biyu suna iya bambanta a ruwan sama, fadamu, irin gine-gine da nisan asibiti tun kafin mai feshi ya iso. Gwajin t zai ce akwai bambanci, amma ba zai faɗi abin da ya haddasa shi ba.

Mutanen kansu ma sukan bambanta. Wani bincike daga Burkina Faso da aka wallafa a 1996 ya nuna Fulani ba sa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kamar maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe, duk da cewa wuri ɗaya suke zaune. To, a yanki irin Kolokondé inda makiyaya, manoma da 'yan kasuwa ke cakuɗe, in rukuni ɗaya ya cika da yaran ruga, ɗayan da yaran cikin gari, ana iya jingina wa magani abin da ba aikinsa ba. Amfanin ƙuri'a ke nan. Ita ce ke raba irin waɗannan bambance-bambance tsakanin rukunoni, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba.

Lokaci ma yana yaudara. Wanda ya auna yara a watan Satumba, ya ba su wani jiƙo, ya sake aunawa a Fabrairu, zai ga zazzaɓi ya ragu, domin rani ya shigo, sauro ya yi sauƙi. In babu rukuni na biyu da bai sha jiƙon ba, babu hanyar raba aikin jiƙo da aikin rani.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Hausawa 'yan tsiraru ne a Benin, kamar yadda suke a Togo da Ghana. A samfurin ƙasa baki ɗaya, ƙalilan ne daga cikinmu za su faɗo, sannan mai fatauci da ke tsakanin Malanville, Parakou da Kwatano da wuya mai bincike ya same shi a gida. Duk adadin da aka fitar daga mutum 15 ko 20 iyakokinsa masu faɗi ne ƙwarai. Don haka in aka ce mutanen zango ko wata ƙabila sun fi kowa wata cuta, kafin a ji haushi ko a tsorata, a fara tambayar mutum nawa aka auna.

Tambayoyi biyar kafin ka yarda

Ba sai mutum ya iya lissafi ba kafin ya kare kansa daga mai tallar magani a tasha ko saƙon da ke yawo a WhatsApp. Duk lokacin da aka ce bincike ya nuna wani abu ya fi wani, ga abin tambaya.

Da wa aka kwatanta? In babu rukuni na biyu, babu kwatanci.

Mutum nawa ne a kowane rukuni, kuma daga ƙauyuka nawa suka fito?

Yaya aka raba su, da ƙuri'a ko kowa ya zaɓi inda yake so?

Nawa ne girman bambancin, kuma ina iyakokinsa suka tsaya? Shin ya kai abin da marar lafiya zai ji a jikinsa?

Abubuwa nawa aka gwada kafin a samu wannan ɗayan da ake shela?

Haka nan idan ma'aikatan bincike suka zo unguwa neman auna yara, magidanci yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ne ko Dendi ko Fulatanci, a gaya masa abin da ake kwatantawa da yadda za a raba rukunoni, sannan ya amince ko ya ƙi. Wanda ya amince ya taimaka wa kansa da maƙwabtansa, domin yawan waɗanda aka auna shi ke rage faɗin iyakoki. Iyayen Covè, Zagnanado da Ouinhi da suka bari aka yi shekara biyu ana duba 'ya'yansu, su ne suka samar da alƙaluman da hukumomin lafiya na ƙasashe da dama ke dubawa a yau kafin su sayi gidan sauro.